Anti, duk sadakar da nake yi wai har yau ban fitar da zakka ba?

Ga saƙon da wata 'yar'uwa ta turo:

"Assalamu alaikum Anti, don Allah a ɓoye sunana. Ni matar aure ce a nan Gadon Ƙaya, ina sana'ar atamfa da leshi da mayafai a gida, ina sarowa a Kwari na sa a sitatus mata su ɗauka, wasu kuɗi hannu wasu bashi. Shekarata shida a ciki kuma alhamdulillah Allah ya sa albarka. Ni dai ban san rowa ba, duk juma'a sai na sa an soya ƙosai an raba wa almajirai, da azumi kullum kular kununa tana masallacin layinmu, da sallah ina fitar da turamen atamfa na ba marayu, ni nake siyan maganin sugan Hajiyarmu duk wata, da za a sa tayil a masallaci ma na bada nawa. To ranar nan a islamiyya malamarmu tana karatun zakka na yi tambaya, sai ta ce min a gaban kowa wai ni ban taɓa fitar da zakka ba, ana bina ta shekarun baya. Wallahi har kuka na yi, don in aka tara abin da nake bayarwa ya ninka zakkar. Maigidana ya ce na rabu da ita duk ɗaya ne, Allah zuciya yake dubawa. Shi ma kuma yanzu kasuwarsa ta tsaya, ga bashin mutane ga haya ta kusa. Sannan akwai wata da nake bi kuɗin kaya mijinta ya rasu, na ce ko na yafe mata a zakkar. Ina kuma da ɗan gwal. Anti wa ya fi gaskiya, kuma ya zan yi?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka, ya ba Hajiya lafiya.

Bari na fara da wanda ba za ki so ji ba don mu wuce wajen, malamarki ce da gaskiya. Inda ban bi ta ba shi ne faɗa miki a gaban aji, irin wannan maganar jan mutum gefe ake yi bayan an tashi, balle mace mai sana'a da wataƙila rabin 'yan ajin kwastomominta ne. Amma hukuncin haka yake, in dai dukiyarki ta kai nisabi, wato mafi ƙarancin dukiyar da zakka take hawa kanta, kuma zan dawo kan wannan sharaɗin don shi ne zai nuna ko shekara nawa ake binki. Ki share hawayenki kuma, ko ƙwayar ƙosai ɗaya bata tafi a banza ba, duk yana rubuce in sha Allahu. Kawai a shafin sadaka aka rubuta shi, shafin zakka kuwa yana nan fari fat.

Kinga zakka rukuni ce, tana cikin biyar ɗin nan da muka haddace tun muna 'yan ajin farko, ita ce ta uku bayan shahada da sallah, an wajabta ta a Madina shekara ta 2 bayan hijira. Sadaka kuwa ta ganin dama ce, kin yi ki samu lada, kin bari babu mai kama ki. Akwai hadisin wani mutumin Najadu da ya zo wajen Manzon Allah (SAW) gashin kansa a birkice yana tambaya a kan Musulunci, aka ce masa salloli biyar dare da rana, ya ce akwai wata a kaina bayan su? Aka ce a'a, sai dai in ka yi ta ganin dama. Aka zo kan azumi ya sake tambaya, amsa ɗaya, aka zo kan zakka ma haka. Yana cikin Bukhari da Muslim da Muwaɗɗa. Wato tun farko an raba su gida biyu, na dole da na son rai, a sallah, a azumi, a dukiya. Ke da kanki kinsan in mace ta raba dare tana nafila har barci ya kwashe ta asuba ta wuce, ba za ta farka ta ce ai raka'o'in dare sun ninka biyun asuba ba, tashi za ta yi ta rama. Kuma a hadisin ƙudusi Allah ya ce bawansa bai kusance shi da wani abu da ya fi so ba kamar abin da ya wajabta masa, sannan daga baya aka kawo zancen nafilfili.

Amma ga abin da na fi so ki riƙe. Sadaka kuɗinki ne kika ciro kika bayar, shi yasa ke kike zaɓar nawa, yaushe, wa. Zakka kuwa daga ranar da shekara ta cika wannan kason ya zama haƙƙin wasu da yake zaune a jakarki. Suratul Ma'ariji ta ce a cikin dukiyoyinsu akwai haƙƙi sananne ga mai roƙo da wanda aka hana, kuma da Manzon Allah (SAW) zai aiki Mu'azu ɗan Jabal Yaman ya ce masa a karɓa daga mawadatansu a mayar wa matalautansu. Ke 'yar kasuwa ce, ki ɗauka akwai kwastomar da kike bi kuɗin leshi dubu 80, kullum tana aiko miki da dambun nama, yau turaren wuta gobe humra, ranar sunanki ita ce har wanke-wanke, kirki dai iya kirki. Ranar da kika buɗe littafi kika ce Hajiya saura dubu 80 fa, sai ta ce haba, duk dambun da nake aiko miki? Me za ki ce mata? An gode da dambu Allah ya bar zumunci, amma kuɗin leshi yana nan.

Don ki san nauyinta, bayan wafatin Manzon Allah (SAW) da wasu ƙabilun Larabawa suka ce sallah za su yi amma zakka ba za su bayar ba, Sayyidina Abubakar runduna ya tayar musu, ya ce wallahi sai ya yaƙi duk wanda ya raba tsakanin sallah da zakka, ko da dabaibayin raƙumi ne suka hana shi wanda suke ba Annabi. Ba a taɓa tada runduna don wani ya ƙi yin sadakar juma'a ba.

Maganar maigida cewa Allah zuciya yake dubawa, ai gaskiya ya faɗa, sai dai maganar tasa ita ce ma ta kama ki. Ranar da kike zuba ƙosai a leda me ke zuciyarki? Sadaka. Ranar da kika tura kuɗin tayil? Neman lada. Ko sau ɗaya baki ce a ranki wannan zakkar dukiyata ce ba, don baki ma lissafa ba balle ki san nawa ce. Zakka ibada ce, sai da niyya, kuma niyyar ana yinta ne lokacin da kike ware kuɗin ko lokacin miƙawa, ba a bin abin da aka riga aka ci aka sha ruwa shekara uku da suka wuce a canja masa suna. Kar dai ki tada rigima da shi a kan wannan, ina jin tausayinki ne ya sa ya faɗa ganin kina kuka, ki bari sai hira ta yi daɗi ki warware masa.

Kuma ko da a ce kin yi niyyar, yawancin inda kika kai kuɗin ba mazaunin zakka bane. Allah bai bar wa kowa rabon ba, shi ya raba da kansa a Suratut Tauba aya ta 60, kashi 8: fakirai, miskinai, ma'aikatan tattara ta, waɗanda ake lallashin zukatansu, 'yanta bayi, waɗanda bashi ya danne, fi sabilillahi, da matafiyin da guzuri ya yanke masa. To ɗauko naki mu gwada. Tayil ɗin masallaci baya ciki, mazhabobin nan huɗu basu sa ginin masallaci a zakka ba, wasu malaman baya-bayan nan sun faɗaɗa fi sabilillahi amma ni ba zan ɗora ki a kai ba alhali ga mayunwata a layinku. Maganin Hajiya kuwa, in dai bata da abin siya da kanta to ciyar da ita da yi mata magani wajibi ne a kan 'ya'yanta masu hali, maza da mata, kuma ba a ba wanda ciyar da shi yake wuyanka zakka, don ka zama ka sa a aljihun dama ka zaro a na hagu. Wannan ladan biyayyar iyaye ne, ya ma fi girma, ki ci gaba. Marayu fa, mutane da yawa suna zaton da an ce maraya shikenan ya ci zakka, a'a, maraya in talaka ne yana ci da sunan talauci, in ubansa ya bar masa gidaje a Nassarawa ba shi da kaso. Su kuma ƙosai da kunu ciyarwa ce, zakka kuwa mallakawa ake yi, a damƙa wa mutum abinsa a hannu ya yi yadda ya so da shi, ko magani zai siya ko jari zai ja. Sannan a Malikiyya zakkar kuɗi da kayan kasuwa kuɗi ake fitarwa. Akwai malaman da suka yarda a bada kayan in shi ya fi amfanar talakan, amma kinsan halinmu, da an buɗe wannan ƙofar sai a tattaro kwantai, atamfar da ta shekara biyu a ƙasan kanta rana ta ci gefenta, a yi mata kuɗin sabuwa a ce zakka. Bakara aya ta 267 ta hana nufar mummuna a bayar.

Ita sadaka ai filinta faɗi gare shi, shi yasa take da daɗin yi. Babu nisabi babu jiran shekara, naira hamsin sadaka ce, ɓarin dabino ma sadaka ne, ki ba mai kuɗi, ki ba mahaifiyarki, ki ba maƙwabciyarki da ba musulma ba, ki haƙa rijiya, ki sa fanka a masallaci, ki yi wa mamaci, har dabba in kin shayar akwai lada. Duk abin da na ce baya shiga zakka a sama, nan ne gidansa.

Yanzu mu zo kan nisabi, don malamarki ta yanke hukunci bata ga littafinki ba, ni ma ban gani ba. Zakka bata hawa kan kuɗi sai sun kai dinari 20 na zinare, wato kimanin giram 85, ko dirhami 200 na azurfa kimanin giram 595, kuma shekara ta zagayo. A nan wajenmu na zinaren aka fi sanarwa. Babu wani tsayayyen adadi a naira da za ki haddace, kullum motsi yake da farashin gwal, kuma tun 2023 da aka saki naira ga gwal ɗin ma ya yi ta hawa a kasuwar duniya, nisabi ya yi sama sosai, wanda aka sani da 'yan miliyoyi kaɗan yanzu ya ninninka. Ki tambayi mai gwal ɗinki nawa giram ɗaya na tsantsar gwal yake ranar, ki buga sau 85 a kalkuleta, ko ki nemi sanarwar Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, wadda aka kafa tun 2003 zamanin Malam Ibrahim Shekarau. Shekarar kuma ta wata ce, kwana 354, ba daga Janairu zuwa Disamba ba, kuma riba shekarar uwar kuɗi take bi, ba sai kowacce riba ta yi tata shekarar daban ba.

Irin kasuwancinki, na mai juya kaya kullum ana saro ana siyarwa, shi malaman fiƙihunmu suke kira mudiri, saɓanin wanda zai sayi buhunan wake a Dawanau ya kulle a sito yana jiran tsada, shi sai ya siyar yake fitarwa. Ke rana ɗaya za ki tsayar a shekara ki yi wa komai kuɗi. Ki bari yara su yi barci, ki kashe data, ki shimfiɗa tabarma a ɗakin kayan, ki sauko da su turmi-turmi, super daban, Holland daban, 'yar Chana daban, leshi, mayafai har da waɗanda suke hannun dillaliya ba a siyar ba, kowanne ki rubuta kuɗin da zai siyu yau in kuɗi hannu ne, ba kuɗin da kika saro shi bara ba. Sai ki duba kowanne akawun, na banki, na Opay, har wanda kike ɓoye wa kanki don kar ki taɓa, da tsabar da ke cikin jaka da ta ƙasan akwati. Sai littafin bashi, nan ne aikin yake. Waɗanda kika san za su biya, ma'aikaciyar da take turo miki duk ƙarshen wata, ki haɗa. Wadda ta toshe ki a WhatsApp ta tashi daga unguwar kuwa ki tsallake ta, in Allah ya sa wata rana ta biya sai ki fitar masa ta shekara ɗaya. Adashe in kina ta zubi baki kwasa ba kuɗinki ne, wasu malaman sun ce sai ya zo hannu, ni dai na ga haɗa shi ya fi sauƙi da kwanciyar hankali, in kuma kin riga kin kwasa to zubin da ya rage bashi ne a kanki. Daga nan sai ki cire abin da ake binki, kamar cikon Alhajin da yake baki kaya a Kwari. Malikiyya suna da ƙarin bayani a nan, in kina da wata kadara ta daban wadda ba ta buƙatar yau da kullum ba, kamar fili, da za ta iya rufe bashin, to ba a cirewa. Kantar da kike jera kaya, keken ɗinki, firij, mota, kayan ɗaki, duk babu ruwan zakka da su.

Abin da ya rage in ya kai nisabi, ɗaya cikin 40 za ki fitar, wato 2.5 cikin 100, duk miliyan ɗaya dubu 25. Misali kawai, a ce komai da komai ya tashi miliyan 30, ana binki miliyan 4, saura 26, zakkarki dubu 650. Kinga ba wani abin tashin hankali bane, kuma na yarda dake tsaf cewa hidimarki ta shekara tana iya fin haka.

Gwal kuma sai kin yi wa kanki adalci. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaron da kike sawa ki je biki ki dawo ki ajiye, a wajen Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya babu zakka a kansu, Hanafiyya da wasu manyan malaman wannan zamanin sun ce akwai in ya kai nisabi, wadda ta fitar don fita daga saɓani ta kyauta. Amma kinsan yadda mu matan Kano muke yi, da riba ta taru sai a ruga wajen 'yan gwal a mayar da ita sarƙa don kar naira ta cinye ta, a nannaɗe a auduga da rasit ɗinta a jefa a ƙasan durowa, maganin wata rana. Wannan ajiya ce ko da siffar sarƙa take, akwai zakka a kanta har a Malikiyya. A auna giram nawa ne, a yi masa kuɗi, a haɗa da kuɗin kasuwar, don sau tari shi ne ma yake cika wa mace nisabi bata sani ba. Ke kaɗai kika san wanne ne na ado wanne ne na ajiya.

Shekarun baya basa faɗuwa, ko da rashin sani ne ya jawo. Laifin jinkiri ana fatan Allah ya yafe tunda baki sani ba, ki yi istigfari, amma haƙƙin mutane sai an biya. Sai dai ba lallai shekara shida ake binki ba, wadda ta fara da turmi goma ai bata kai nisabi a shekarar farko ba, ƙila ma har ta uku. Ki nemo tsofaffin littattafanki, ki karɓi sitatimen a banki, ki bi shekara-shekara ki kintata abin da kike da shi, ki gwada da nisabin wannan shekarar ba na yau ba, masu gwal da malamai suna riƙe da tsofaffin farashi. Inda kika yi kokwanto ki ɗan ƙara. In ya taru ya yi miki nauyi ki rubuta jimillar, ki sanar da maigida ko wani amintacce saboda rai, ki dinga biya da zarar kuɗi sun shigo ba tare da jan ƙafa ba. In ma ta kama ki rage kular kunu ko ki dakatar da ƙosai na ɗan lokaci don ki sauke wannan, to ki rage, ba abin kunya bane.

Wani abu kuma, mutanenmu sun ɗaure zakka da azumi kamar dole sai a cikinsa. In shekararki a Rajab take cika to a Rajab ake binki, ba a cewa talaka ya jira Ramadan don ke ki samu ninkin lada. Sannan don Allah kar ki kwaikwayi abin nan da muke gani, a tara mata da tsofaffi a ƙofar gida tun hantsi cikin rana da ƙishirwa, ana turereniya, a ƙarshe a miƙo wa kowa ambulan da ko kuɗin adaidaitar komawa gida bai cika ba. Ni wannan yana ci min rai. Dubu 650 in kika yanka ta gida ɗari shida babu wanda ta tayar, in kika duba mutum uku ko huɗu kuwa, wata ta sayi injin markaɗe, wata ta biya kuɗin aikin da aka rubuta mata a asibiti, wani ya sauke bashin da ya hana shi barci. Ki fara dubawa a danginki, ƙanwa, yaya, goggo, 'ya'yan 'yan'uwa, duk waɗanda ciyar da su ba a kanki yake ba in mabuƙata ne suna ci, kuma ki samu lada biyu, na bayarwa da na zumunci. Ba sai kin ce musu zakka ce ba, niyyarki ta wadatar, wata in ta ji kalmar ma sai ta ji kunyar haɗa ido dake. In kuma kin ga ba za ki iya tantancewa ba ki kai wa hukumar.

Matar da mijinta ya rasu, Allah ya jiƙansa. Yafe mata bashi da sunan zakka bai isar ba a wajen mafi yawan malamai har da namu na Malikiyya, dalili kuwa kuɗin da kika riga kika fidda rai da su ne kike so ki ceto ta bayan gida. Hanya biyu ce. Ko ki ba ta zakkar a hannunta ba tare da wani sharaɗi ko haɗa baki ba, ta zama tata, in ta ga dama da kanta ta biya ki daga ciki ya halatta ki karɓa, in ta sayi masara da shi shikenan. Ko ki yafe bashin a matsayin sadaka, Bakara aya ta 280 ta ce a saurara wa wanda yake cikin ƙunci har ya samu, in kuka yafe kuwa shi ya fi muku alheri. Ni da ni ce, in kuɗin ba masu karya jari bane, zan ja layi a kan sunanta a littafin, sannan na sa ta a sahun farko na masu karɓar zakkar, mace mai takaba da yara ita ce ainihin wadda ayar take nufi.

Saura maigida, kuma na lura a tsakiyar saƙo kika cusa maganarsa kamar ba komai, alhali ina jin ita ta fi damunki. Miji dai ba ya ba matarsa zakka, wannan babu saɓani. Mace ta ba mijinta kuwa akwai magana. Zainab matar Abdullahi ɗan Mas'ud mace ce mai sana'ar hannu, mijinta ba shi da ƙarfi, ta aika Bilal ya tambayar mata Manzon Allah (SAW) ko sadakarta za ta isar in ta ba mijinta da marayun da take riƙo, aka ce tana da lada biyu, na zumunci da na sadaka. Imamu Shafi'i da wasu sun kafa hujja da shi suka halatta, Abu Hanifa ya hana, a Malikiyya kuma maganar tana tsakanin hani da karhanci, saboda tsoron kuɗin su zagayo su dawo kanki ta hanyar cefane da sutura. To ki raba matsalar tasa biyu. Haya da abincin gida nauyinsa ne saboda ke da yara, in kika biya da zakka ke ce za ki kwana a ɗakin, wannan ki yi shi da ribarki a matsayin sadaka da taimakon juna. Bashin mutane kuwa na kasuwa, in na halal ne kuma da gaske ba shi da abin biya, ya shiga sahun waɗanda bashi ya danne, nan ne malamai da yawa suka sassauta. Ki samu malamin fiƙihu da kika yarda dashi ki faɗa masa adadin da yadda aka ci bashin, in ya baki dama to da sanin maigidan a tura wa masu bin kai tsaye, kar kuɗin su biyo ta kicin ɗinki.

Kuma ko wanne kika yi masa, ki haɗiye shi. Kar ranar da kuka saɓa ki ce ai ni na biya hayar, kar Hajiya ta ji, kar ƙawarki ta ji, Bakara 264 ta ce gori da cutarwa suna ɓata sadaka, namiji kuma da kasuwa ta juya wa baya abu kaɗan ne yake karya shi. Ki tura masa kuɗin hayar a akawun ɗinsa kwana biyu kafin mai gida ya aiko, ya je ya biya da hannunsa. Allah ya buɗa masa, wallahu a'alamu.